Atamfar da Ba Ta Shiga Kasuwa Ba

Uwani, wannan babin naki ne ke da ƙaninki Nura, amma ya fi zama naki. Labari ya iso mini na abin da kike gaya wa 'ya'yanki, wai kakansu ya taɓa haukacewa shekara guda, ya sa wa 'ya'yan cikinsa rigar masu ƙanjamau ya zagaya da su Makera. Ban haukace ba. Da hauka ne da na huta, don mahaukaci ba ya tuna abin da ya aikata. Ni aji shida na yi, sauran karatuna a bakin inji na yi shi, saboda haka kada ki nemi zaƙin baki a nan. Zan faɗi yadda abin ya faru, da inda na yi wauta, da inda na yi da gangan.

Soja sun koma bariki, farar hula sun hau, rediyo kullum sai maganar romon dimokuraɗiyya. Romon da ya iso gidanmu shi ne takardar sallama daga masaƙa, bayan shekara goma sha shida ina sashen buga zane. Ranar da zan tafi, mai kula da sito ya ji tausayina ya ce in ɗauki dilar nan ta rijet, wato atamfar da aka ƙi, da ke tare masa hanya. Na san dilar, don a hannuna ta lalace. Zane ne sabo, ganye kore a kan ruwan ɗorawa, sai rola ta goce, kowane ganye ya fito da jar inuwa a gefensa. Oga ya gani ya soke zanen ɗungurungum, ko yadi ɗaya bai fita kasuwa ba. Na ɗora ta a baro na kawo gida, uwarku ta tura ta ƙarƙashin gado. Daga nan na koma acaba. A shekarar da ta biyo ne aka yi rikicin da ya raba garin nan biyu, kogi ya zama iyaka. Mu da muka rage a Makera muka zauna da maƙwabtanmu Kiristoci ana gaisawa da baki, kowa na kallon hannun ɗan'uwansa.

A kan mashin na san Sista Rifkatu. Tsohuwar nas ce, 'yar Kudancin Kaduna, tana da ɗan shagon magani kusa da kasuwar Kakuri. Gajeruwa, mai faɗa, ba ta taɓa yarda na iya tuƙi ba. Na ɗauke ta ya kai wata biyu kafin na gane inda nake kai ta. Suna da wata ƙungiya da ba ta da ofis ba ta da allo, mata ne 'yan coci da wasu biyu daga Islamiyyar matan aure. Suna haɗa masara da waken suya da gyaɗa a niƙa garin kunu, Sista ta ƙara da maganin tari da na gudawa da na ƙuraje, a kai wa yaran da iyayensu suka mutu suka bar musu ciwon a jini. Maganin da ke riƙe ciwon kansa a lokacin sai dai mu ji labarinsa, na masu hali ne. Yaran goma sha huɗu ne, daga Makera zuwa bayan Kakuri, 'ya'yan Musulmi da na Kirista, galibi a hannun kakanni. Sista tana da dokoki. Ba na tsayawa da mashin a ƙofar gidan da za ta shiga, sai layi biyu baya. Gari a baƙar leda yake, irin wadda kowa ke riƙewa. Ba ta zuwa gida ɗaya a rana ɗaya sau biyu a jere. Tana shiga da kwandon man shafawa kamar 'yar talla, kuma da gaske tana sayarwa. Sunayen yaran babu su a takarda. Ranar da na yi mata ƙorafin wannan zagaye-zagaye yana cinye mini mai, ga abin da ta ce:

"Malam Idi, garin kunun nan rabin aikin ne. Ɗaya rabin, kada kowa ya gan mu. In ka kasa riƙe na biyun, bar na farkon ma."

Na ce na ji, amma a kunne ya tsaya.

Cikin gidajen akwai na Iya Asabe, wadda kika sani, mai waina a mahaɗar da ma'aikata ke shiga motar Kudenda. Ɗanta direban babbar mota ne, ya rasu, matarsa ta bi shi, suka bar mata Zulai 'yar shekara bakwai. Ɗaki ɗaya suke haya a gidan wani Alhaji, gida mai ɗakuna tara, rijiya ɗaya, guga ɗaya. Iya ta gaya wa kowa sammu aka yi wa ɗanta a tasha saboda hassada, yarinyar kuma basir ne ke hana ta ƙiba. Da wannan maganar da kaskon wainar nan take riƙe da ɗakin da yarinyar. In ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi.

Shekarar nan azumi ya faɗo ƙarshen shekara, ƙaramar Sallah da Kirsimeti suka zo a mako guda. Ana tsakiyar azumi uwar Sista ta rasu, ta tafi garinsu, ta bar mini rabon gari tunda na san gidajen. Ranar da na kai na Iya Asabe, na tarar Zulai zaune a bakin ƙofa cikin wata riga da ta koɗe har ba a sanin launinta. Ta gaishe ni ta ce, Baba, an yi wa su Uwani ɗinkin Sallah? Na ce an yi. Ta ce wane iri? Ba roƙo ta yi ba, so take kawai ta ji. Ina tafe a mashin dilar nan ta faɗo mini a rai.

A nan zan faɗi gaskiyar da ban taɓa faɗa wa uwarku ba. Tausayi yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Wata shida ina dakon alherin wasu, ni ne jakin da ke kai kaya, godiya kuma ta Sista. Mutumin da aka kora daga aiki yana ƙishirwar ya zama mai bayarwa ko da sau ɗaya. Ga Sista ba ta nan balle ta ce a'a. Na samo igiya na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ina auna tsawon yaro da faɗin kafaɗa ina ƙulla ƙulli, kowane yaro da igiyarsa. Kowace tsohuwa na ce mata wani bawan Allah ne ya ba da yadi, ban ce mata akwai wasu goma sha uku ba. Na kai wa Garba tela. Ya warware turmi ɗaya ya ɗaga shi a rana ya ce bai taɓa ganin wannan zanen ba. Na ce ba za ka gani ba, duk Kaduna babu mai shi sai ni. Da alfahari na faɗa. Ya tambayi bikin wa ake yi, na ce marayu ne. Ya ce, ashe anko za a yi musu. Na ce ƙwarai kuwa. Har daɗi kalmar ta yi mini. A wurinmu anko ai alamar gata ce, mutum yana da dangi, yana da waɗanda za su fito tare da shi. Ban tsaya na tambayi kaina dangin me ya haɗa waɗannan yaran ba.

Ranar Kirsimeti wani yaro daga cikinsu, Ishaya, ya sa rigarsa ya tafi coci. Shi Ishaya babu abin ɓoyewa a kansa, don da ubansa ya mutu 'yan'uwa a tsakiyar layi suka ƙona katifarsa, kowa ya san dalili. A cocin aka ga wasu yara uku da ganye iri ɗaya da nasa. Mutane suka lura. Bayan kwana biyu aka sha ruwa, aka sauko daga idi, sai ga Zulai da sauran yaran Musulmi sun fito yawon Sallah cikin ganyen nan mai jar inuwa. Ki tuna wace shekara ce. Shekarar da matan Musulmi da na Kirista suka raba lokacin zuwa famfo. Me zai haɗa ɗan coci da 'yar Islamiyya anko? Matan kasuwa sun san kowane zane da sunansa, suka ce wannan ba na kasuwa ba ne. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa, waɗanda suka cika Makera ba aikin yi sai zaman benci, suka ce ai rijet ɗin Idi ce. Idi kuma wa yake ɗauka kullum? Kafin a gama cin tuwon Sallah lissafi ya fita. Abin da Sista ta ɓoye shekara uku, ni na buga shi da launi uku na rataya a wuyan yara.

Kwana uku bayan Sallah na bi ta mahaɗa da safe. Motocin Kudenda na lodi, ma'aikata na wucewa ta gaban Iya Asabe kamar ba ta wurin. Ƙullu cike da roba ya fara tsami, waina shida a faranti sun huce. Ta yafuto ni. Ta ce 'yan haya sun ɗauke guga sun kulle a ɗaki, an hana yara wasa da Zulai, Alhaji kuma ya aiko cewa ƙarshen wata mai kamawa yana son ɗakinsa. Ba ta ɗaga murya ba, tana magana tana goge kasko da tsumma.

"Shekara biyu ina cewa sammu ne. Ko sun yarda ko sun yi kamar sun yarda, duk ɗaya ne a wurina, suna dai sayen waina."

"Iya, wallahi alheri na yi niyya."

"Na sani, ɗan nan. Ka tambaye ni? Da ka ce mini su goma sha huɗu ne, da na ce ka bar mana tsummanmu."

Sista ta dawo a makon. Na zaci za ta zage ni, na ma shirya. Sai ta zauna a kan benci a shagonta ta ce gida uku sun rufe mata ƙofa, sun ce kada ta sake zuwa da garinta. Ta ce a bi a karɓo rigunan a ƙona. Na ce ido ya riga ya gani, ƙonawa ba ta goge shi. Ta ce to kai da ka iya ɓatawa, gyara.

Ni abu ɗaya na sani a duniya, buga zane. A masaƙa in tabo ya fito a yadi ɗaya, aibi ne, kowa zai nuna shi da yatsa. In ya fito a kowane yadi daga farkon dila har ƙarshe, mai saye yakan ɗauka haka zanen yake. Na ce a raina, yara goma sha huɗu ne ke sanye da ganyen nan shi ya sa yake magana. In mutum ɗari suka sa, ya zama atamfa kawai. Dilar ko rabi ba a ci ba. Na ɗauki turame a bayan mashin na shiga gida-gida ina bayarwa kyauta. Mutanen da ke rububin rijet a ƙofar masaƙa suka riƙa ɓoye hannu a baya. Mai unguwa ya ce zai yi shawara. Wani malami ya yi mini doguwar addu'a ya rako ni har waje da turmina a hannu. Wata mata da nake kai 'ya'yanta makaranta ta ce in ajiye a ƙasa, ta sa sanda ta tura shi kwata. Kwana biyu ina yawo, ko ɗaya ban rabar ba. Wuri ɗaya ya rage da ba a isa a ce mini a'a ba, shi ne gidana.

Uwarku ta yi faɗan da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce ka ɓata 'ya'yan mutane, yanzu za ka haɗa da naka don ka wanke kunyarka. Ta ce mace ce fa, Baban Nura, abin da aka liƙa wa mace ba ya fita. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, na sani a lokacin ma. Na kai wa Garba awonku. Ke kina da shekara goma, Nura shida. Da aka kawo ɗinkin Nura ya yi murna, shi bai san komai ba. Ke kin sani. Kika riƙe ƙofar ɗaki da hannu biyu.

"Baba, don Allah kada ka sa ni. Zan yi duk abin da ka ce, ban da wannan."

Na ce sa ki fito. Ban zaunar da ke na yi miki bayani ba, ban ce miki ga Zulai ga ɗakinsu ga ƙarshen wata ba. Tsawa na yi miki, irin wadda oga ke yi mana a bakin inji.

Tun daga ranar, kowace safiya muna mahaɗa mu uku cikin ganye, a kan bencin Iya Asabe, lokacin da motocin Kudenda ke lodi. In sayi waina in sa a faranti ɗaya, in kira Zulai ta sa hannu tare da mu. Sista ta riga ta tabbatar mini ba a ɗauka ta abinci, na kuma yarda da ita, amma ba zan ɓoye miki ba, loma ta farko da ƙyar ta wuce. Ina kallonki kina ci kanki a ƙasa, hawaye na ɗiga a miya. Zulai kuwa ta matsa miki da surutu, wai rigarku iri ɗaya, ke yayarta ce. A Islamiyya aka bar miki benci ke kaɗai, yara suka sa miki suna Ganye. Nura ya dawo gida da fasasshen leɓe sau biyu. Ni fasinja ya tsayar da ni, ya ga rigar, ya ce tafi kawai. A mako na biyu uwarku ta haɗa kayanta ta tafi Funtua da Nura, ta yi wata biyar. Ke ta bar ki saboda makaranta, shi ya sa kika sha abin ke kaɗai.

Ba mu kai ɗari ba, ko kusa. Sista ta ɗinka riga da zani da ɗankwali ta shiga coci da su, ta zauna a layin gaba. Matan ƙungiya huɗu suka bi ta. Garba tela ya yi wa kansa 'yar shara ya je Juma'a da ita, ya ce shi ya yanka ya ɗinka, in a yadi ciwon yake ai ya riga ya gama da shi. Yohanna, wanda muke kan inji tare ranar da rola ta goce, ya zo da kansa ya karɓi turmi ya ce rabin laifin jar inuwar nan nasa ne, ba zai bar mini ita ni kaɗai ba. Shi ke nan, mu goma ne da 'yan kai. Amma ya isa ya rikita masu lissafi. Ga nas, ga tela da tumbinsa, ga Yohanna da ke ɗaga buhun siminti shi kaɗai. Wasu suka ce duk muna da shi. Wasu suka ce ƙila dai atamfa ce kawai. Yawanci gajiya suka yi, don an fara maganar za a sake rage ma'aikata, kowa ya koma kan tasa damuwar.

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare na je wurin Alhaji mai gidan, da rigar a jikina. Na shirya wa'azi, aya da hadisi, abin da na iya. Bai bari na fara ba. Ya ce ya sa a nemo mai kama ɗakin, duk wanda ya ji ɗakin waye sai ya juya. Ya ce ɗaki da mutum ya fi ɗaki da gizo-gizo, su zauna, amma su sayi gugansu daban, kuma yarinyar kada ta taɓa bakin rijiya. Wannan ce rahamar da na samo. Na kai wa Iya ina jin kunya, ita kuwa ta ce guga ai ba tsada. Masu sayen waina suka dawo kaɗan-kaɗan, yunwar safe ba ta da dogon tunani, amma har ta bar sana'ar ba ta sake ƙarar da roba biyu a rana kamar da ba.

Gida ukun nan ba su sake buɗe wa Sista ƙofa ba. Biyu sun tashi daga unguwar, ban san inda suka nufa ba. Na ukun yarinyarsu ta rasu kafin damina. Ko da garinmu da ta rayu, ko ba ta rayu ba, Allah ne masani, amma ni ba na cire kaina. Ishaya ma bai kai ga magani ba. Zulai ta kai. Iya ta riƙe ta a ɗakin nan da gugansu daban har shekarar da aka fara ba da maganin kyauta a asibiti, ni na kai ta karɓar na farko a mashin. Yanzu tana Mahuta da mijinta da 'ya'ya biyu lafiyayyu. In ta gan ni har ƙasa take durƙusawa, ni kuma ba na son haɗa ido da ita, don ba ta san wanda ya fara jefa ta a rijiyar da take gode masa ya fito da ita ba.

Naki kuma na san shi. Na san mutanen farko da suka zo neman aurenki sun yi tambaya a unguwa, aka ce ai Ganye ce, shekara tara bayan abin, suka janye ba sallama. Na san na biyun sai da kika kai musu takardar gwaji, kika dawo kika ajiye ta a gabana. Tun da kika tare a Tudun Wada, kogin nan da ba ya hana kowa zuwa kasuwa ke ya hana ki zuwa gidan ubanki sai da Sallah.

Ɗinki na farko wauta ce da son a gode mini, na roƙi Iya Asabe gafara kafin ta rasu, ta yafe. Na biyu da idona a buɗe na yi shi, kuma ba zan yi miki ƙarya don ki so ni ba: in aka mayar da ni watan nan, ga Zulai ga titi, ban ga wata hanyar da zan bi ba. Amma na daɗe ina juya tambayar tsohuwar nan. Ta ce, ka tambaye ni? Na ji zafinta har na kasa cin abinci, sannan ban yi mako ba na juyo na yi miki daidai abin da na yi mata. Ita ban tambaye ta ba. Ke kin ba ni amsa tun ban tambaya ba, na taka ta na wuce. Jikinki na ɗauka na biya abin da ni na ɓata, kina 'yar shekara goma, ko bayani ban yi miki ba. A kan wannan nake neman gafararki.

Turmi ɗaya ya rage daga dilar, yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, launinsa bai koɗe ba, aikinmu na da ba ya koɗewa. Nura ya so ya ƙona shi, na hana, na ce ba nasa ba ne. Naki ne. In kin so ki ƙona shi a tsakar gida ina kallo, in kin so ki bar shi ya ruɓe a inda yake. Ba zan aiko miki da shi ba, ba zan kuma sa kowa ya yi miki magana ba. Yana nan, ni ma ina nan, wannan karon ke za ki faɗi yadda za a yi.